Jami'a da Sanin Kai: Matsayin Tarihi, Harshe da Adabi a Ilimi Mai Zurfi

Tun daga ƙarshen ƙarni na 20 zuwa yau, muhawarar da ake yi kan abin da ya kamata jami'a ta koyar, da abin da ya cancanci a kashe wa kuɗin bincike, ta fi karkata ga ma'auni guda, wato yawan aikin yi da albashin da kowane fanni yake samar wa wanda ya karance shi, kuma a kan wannan ma'auni ilimomin ɗan'adam ne suke fara shan kaye. Abin da ake nufi da ilimomin ɗan'adam shi ne fannonin da suke nazarin abin da mutum ya faɗa, ko ya rubuta, ko ya ƙera, ko ya yi imani da shi, waɗanda suka haɗa da tarihi da nazarin harsuna da adabi da falsafa da nazarin addinai da binciken kufai, tare da fannonin hikima irin su zane da sassaƙa da kiɗa da wasan kwaikwayo. Hujjar da wannan sharhi yake kafawa ita ce waɗannan fannoni su ne suke samar wa al'umma ingantaccen sani game da ita kanta, kuma likita da injiniya da masanin noma duk suna dogara da wannan sani a lokacin da suka fita daga ɗakin gwaji suka fuskanci jama'a. Tarihin jami'o'in Arewacin Nijeriya da na Jamhuriyar Nijar ya isa ya tabbatar da haka, kamar yadda ya isa ya nuna wuraren da masu waɗannan fannoni su ma suka gaza.

Matsin da fannonin suke fuskanta ya game ƙasashe masu arziki da matalauta. A shekarar 2015 ministan ilimi na Japan ya aika wa jami'o'in gwamnatin ƙasar 86 takarda yana neman su rage sassan ilimomin ɗan'adam da na zamantakewa, ko su juya su zuwa fannonin da ya ce sun fi biyan bukatun al'umma. A shekarar 2020 majalisar dokokin Ostireliya ta amince da wani tsari da ya ninka kuɗin karatun yawancin waɗannan fannoni fiye da sau biyu, tare da rage na aikin jinya da koyarwa da noma, domin a karkatar da ɗalibai ta hanyar aljihunsu. A shekarar 2021 kuma gwamnatin Birtaniya ta zabge rabin tallafi na musamman da take ba jami'o'in Ingila domin koyar da kiɗa da zane da wasan kwaikwayo. Abin lura a nan shi ne waɗannan ƙasashe sun ɗauki matakan ne bayan sun shafe ɗaruruwan shekaru suna tattara takardun tarihinsu, suna rubuta ƙamusoshinsu, suna gyara littattafan magabatansu suna bugawa, saboda haka ƙasar da ba ta kammala ko kashi ɗaya cikin goma na wannan aiki ba, idan ta kwaikwaye su, asararta za ta fi tasu nesa ba kusa ba.

A Nijeriya fifita kimiyya rubutacciyar manufa ce, domin Tsarin Ilimi na Ƙasa, wanda aka fara fitarwa a 1977 aka kuma yi ta sabunta shi, ya tanadi cewa kashi 60 cikin 100 na guraben shiga jami'o'i na gama-gari su kasance na kimiyya da dangoginta, a jami'o'in fasaha kuwa kashi 80. Dalilin wannan tanadi ba ya bukatar dogon bayani, domin ƙasar da ta sami 'yanci a 1960 da 'yan tsirarun likitoci da injiniyoyi tana da hujjar gaggauta samar da su, kuma har yau asibitocin karkara suna kukan rashin ma'aikata. Sai dai manufar ta haifar da wata ɗabi'a da ba a rubuta ba, inda tun daga babbar sakandare ake tura yaran da suka fi hazaƙa ajin kimiyya, a bar sauran su cike ajin adabi, sannan a jami'a sassan tarihi da harsuna su zama matattarar waɗanda suka nemi aikin lauya ko aikin jarida ba su samu ba. Wannan raini ya kai matuƙa lokacin da aka cire tarihi daga jerin darussa masu zaman kansu a makarantun firamare da ƙananan sakandare daga zangon karatu na 2009/2010, kuma ko da gwamnatin tarayya ta ba da umarnin maido da shi a 2019, ta kuma ƙaddamar da horar da malamansa a 2022, sai aka tarar cewa shekaru goma sun isa su sa malaman darasin su yi ƙaranci.

Rabuwar ilimi gida biyu, ɗaya mai daraja ɗaya maras daraja, baƙuwar aba ce a tsohuwar al'adar karatu ta ƙasar Hausa. Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili, wanda ya zauna a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, masanin fiƙihu ne da ya rubuta wa sarkin jagora kan sha'anin mulki. Muhammad al-Kashnawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya shahara da rubutu kan murabba'an lissafi, wato jadawalin lambobi da jimillar kowane layinsa take zuwa daidai, alhali tushen karatunsa nahawu ne da fiƙihu. Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi tafsiri ya kuma yi manyan ayyuka kan nahawu da sarfu da tsarin shugabanci, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta tarihi a littafinsa Infaƙul Maisuri ya kuma rubuta risaloli kan magunguna, ita kuwa Nana Asma'u ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta ɗora tsarin ilimantar da matan karkara na 'yan taru a kansu. Wannan al'ada tana da iyakarta, domin ba ta gina ɗakunan gwaji irin na kimiyyar zamani ba, amma ta riƙe wata gaskiya da jami'ar yau take neman sakewa, ita ce ilimin harshe makami ne da ake shiga kowane fanni da shi, kuma wanda bai ƙware a karanta nassi da auna hujja ba, iliminsa a sauran fagage yana da rauni.

Babban aikin da ilimomin ɗan'adam suka fara yi a jami'o'in zamani na wannan yanki shi ne ƙwato tarihi daga hannun waɗanda suka ce babu shi. Har a shekarar 1963, Hugh Trevor-Roper, babban farfesan tarihi a Jami'ar Oxford, yana koyar da cewa Afirka ba ta da wani tarihin da ya cancanci nazari in ban da na Turawan da suka shige ta. Amsar da aka ba irin wannan ra'ayi ta fito ne daga aiki mai wahala na shekaru masu yawa: Kenneth Dike ya jagoranci kafa ma'ajiyar takardun tarihi ta Nijeriya a 1954, wadda daga baya ta sami babban reshe a Kaduna, ya kuma wallafa littafinsa kan ciniki da siyasa a yankin Neja Delta a 1956. A Arewa kuma, Abdullahi Smith ya jagoranci Shirin Binciken Tarihin Arewa wanda ya fara aiki a Jami'ar Ahmadu Bello a 1964, inda aka bi gidajen malamai da fadojin sarakuna ana ɗaukar hoton rubuce-rubucen Larabci da na ajami, sannan ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970 a matsayin cibiyar bincike da adana takardu. Littafin Murray Last kan Daular Sakkwato, wanda ya fito a 1967, ya dogara ne galibi a kan takardun Larabci, musamman na waziran Sakkwato, kuma ya nuna wa duniya daula mai ofisoshi da wasiƙu da dokoki, wadda marubutanta suka bar bayanin kansu da hannunsu.

Amfanin wannan aiki bai tsaya ga alfahari da magabata ba, domin ya sauya yadda ake fahimtar siyasar yau. A wata maƙala da ya buga a 1970, Smith ya nuna cewa labarin Bayajida ba ya wadatarwa wajen bayanin kafuwar daulolin Hausa, kuma ya kamata a nemi asalinsu a bunƙasar ƙauyuka zuwa garuruwa da birane, ta hanyar noma da ƙira da kasuwanci da shigowar baƙi. Ɗalibinsa Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan sauye-sauyen da Katsina ta samu daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a Zariya a 1981, ya rushe fassarar da take mayar da jihadin 1804 yaƙin ƙabilanci tsakanin Fulani da Haɓe, ya nuna cewa an sami mutanen kowane asali a ɓangarorin biyu, kuma abin da ya raba su shi ne matsayinsu a tsarin sarauta da tattalin arziki da aƙida. Hanyar da waɗannan masana suka bi ita ake kira tantance madogara, wato tambayar wane ne ya rubuta takarda, a wane lokaci, domin wa, kuma mene ne ya amfana da faɗa ko ɓoyewa. A zamanin da saƙon murya guda a WhatsApp yake iya tayar da tarzoma a gari, wannan horo na tambayar asalin labari kafin a gaskata shi yana cikin abubuwa mafi amfani da jami'a za ta iya ba kowane ɗalibi, ko da kuwa ilimin haɗa magunguna yake karantawa.

Binciken kufai, wato tono wuraren da mutanen dā suka zauna domin nazarin abin da suka bari, ya nuna cewa iyakar da ake shatawa tsakanin kimiyya da ilimomin ɗan'adam ba ta da ƙarfi a fagen aiki. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928, Bernard Fagg kuma ya fara nazarinsu a shekarun 1940, sun sami sabon bayani daga binciken da masanan Jami'ar Frankfurt suka fara da takwarorinsu na Nijeriya a 2005, wanda ya mayar da farkon wannan al'ada zuwa wajen shekaru 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. Kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya gano yana haƙar rijiya a 1987 a yankin da yake cikin Jihar Yobe a yau, aka kuma tono shi a 1994 da haɗin gwiwar Jami'ar Maiduguri, gwajin sinadarin kabon ya nuna ya kai shekaru dubu takwas, abin da ya sa ya zama jirgin ruwa mafi tsufa da aka sani a Afirka. Ɗakin gwaji ne ya ba da shekarun, amma masanin tarihi ne ya yi tambayar da ta sa aka kai katakon ɗakin gwajin, kuma shi ne ya fassara ma'anar samun irin wannan jirgi a wurin da yake fama da fari a yau, wato shaida kan yadda ruwayen yankin Tafkin Chadi suka taɓa yalwata.

A Jamhuriyar Nijar an yi irin wannan aiki ta wata hanya da ta fi ba da ƙarfi ga tarihin baka. Boubou Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokokin ƙasar bayan samun 'yanci, ya tattara rubuce-rubucen Larabci da na ajami masu yawa, waɗanda suka zama tushen sashen da yake adana su a Cibiyar Binciken Ilimomin Ɗan'adam ta Yamai, sannan a 1968 aka kafa wata cibiya a birnin domin tattara tarihi daga bakin maroƙa da dattawa, wadda daga baya ta koma ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Djibo Hamani ya haɗa irin waɗannan ruwayoyi da rubutattun madogara ya rubuta tarihin Adar da na Sarautar Agadas. Mutumin da babbar jami'ar ƙasar take ɗauke da sunansa, Abdou Moumouni Dioffo, masanin kimiyyar lissafi da makamashin rana ne, amma littafinsa da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ya wallafa a 1964 kan ilimi a Afirka, inda ya bi tarihin makarantar mulkin mallaka ya kuma kafa hujjar koyarwa da harsunan gida, domin ya fahimci cewa kimiyyar da yake so ta kafu ba za ta yi saiwa a harshen da yawancin jama'a ba sa ji ba.

Aikin harshe shi ne ɓangaren da aka fi cin moriyarsa ba tare da an tuna da masu yin sa ba. Duk wanda ya karanta jarida ko takardar asibiti ko saƙon waya da Hausar boko yana amfani da ƙa'idojin da aka daɗe ana tsarawa, tun daga ƙamus ɗin Bargery na 1934 da aikin Hukumar Talifi ta Zariya wadda ta fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, zuwa taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 domin daidaita haruffan wasu harsunan Afirka ta Yamma, da taron Yamai na 1980 da ya yi ƙoƙarin haɗa rubutun Hausar Nijeriya da ta Nijar. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano, wadda aka kafa a 1969, ta fitar da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006, wanda yake bayanin Hausa da Hausa, kuma masana irin su Muhammadu Kabir Mahmud Galadanci da Ɗalhatu Muhammad da Ibrahim Yaro Yahaya sun samar da kalmomin da ake koyar da nahawu da adabi da su. Wannan aiki ya ƙara daraja a yau, domin manhajojin fassara da na gane murya da ake ginawa da ƙirƙirarriyar basira suna koyo ne daga tarin rubutu mai tsabta da muryoyin da aka rubuta daidai, kuma a harshe irin Hausa, inda karin sauti da tsawon wasali suke bambanta ma'ana alhali ba a nuna su a rubutun yau da kullum, injiniyan kwamfuta ba zai yi nisa ba sai da masanin harshe a gefensa.

Misalin da ya fi fito da tsadar rashin wannan sani shi ne rikicin allurar rigakafin shan inna. A shekarar 2003 wasu jihohin Arewa, musamman Kano, suka dakatar da rigakafin saboda jita-jitar cewa an gurɓata maganin da abin da yake hana haihuwa, kuma ko da Kano ta koma a watan Yulin 2004, cutar ta ci gaba da yaɗuwa har ta sake ɓulla a ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har zuwa Yaman da Indunusiya. Maganin yana da inganci, kuma gwaje-gwaje sun tabbatar da haka, amma hujjar ɗakin gwaji ba ta shiga kunnen iyayen da suke tuna gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, suke kuma tambayar dalilin da ya sa ake bin su gida-gida da magani kyauta domin cuta guda, alhali zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda suna kashe musu 'ya'ya kuma asibiti ba ya ba su komai sai da kuɗi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma masu nazarin al'umma irin su Maryam Yahya da Elisha Renne ne suka yi bayanin inda tsagar take. Nasarar da ta kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta asali a watan Agustan 2020 ta samu ne bayan an shigo da sarakuna da malamai da ungozomai cikin aikin, an kuma haɗa rigakafin da wasu ayyukan lafiya da jama'a suke bukata.

Rikicin manoma da makiyaya ma yana da irin wannan fuska. Ana yawan bayaninsa da ƙaruwar jama'a da gurgusowar hamada, waɗanda dalilai ne na gaskiya, amma ba a fahimtar sa sai an san tarihin burtali da mashaya da makiyaya, da yadda jangali, wato harajin shanu, ya kasance wata alaƙa ta haƙƙi da wajibi tsakanin Fulani da masarautu kafin gwamnatocin Kano da Kaduna su soke shi a farkon Jamhuriya ta Biyu, da yadda Dokar Wuraren Kiwo ta 1965 ta keɓe filayen da ba a tabbatar da yawancinsu a hukumance ba, da yadda Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta mayar da ikon filaye hannun gwamnoni. Nijar, wadda ta kafa tsarin dokokin karkara a 1993, ta yarda da haƙƙin mallaka na gargajiya ta kuma samar da kwamitocin filaye da suke haɗa sarakuna da wakilan manoma da na makiyaya. Duk kwamitin sulhu da zai zauna a kan gona ko burtali yana bukatar wanda ya iya karanta tsofaffin rahotannin haraji da suke ma'ajiyar Kaduna, ya kuma iya sauraren dattawa da Fulatanci da Hausa ya tantance ruwayarsu.

Fannonin hikima kuwa suna da tasu hujja ko a kan ma'aunin kuɗi. Ƙungiyar ɗaliban zane ta Zariya da aka kafa a 1958, wadda Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suke cikinta, ta ƙi amincewa da kwaikwayon zanen Turai tsantsa, ta nemi a haɗa dabarun zamani da zane-zanen gargajiya, kuma daga wannan yunƙuri ne zanen zamani na Nijeriya ya sami kamanninsa. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ya fara fita ƙauyukan da suke kewaye da Samaru tun a shekarun 1970 yana shirya wasanni tare da manoma kan matsalolinsu, dabarar da ƙungiyoyin lafiya da na raya karkara suka ara daga baya. Masana'antar finafinan Hausa, wadda ta taso a Kano daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, da kasuwar littattafan hikaya da mata irin su Balaraba Ramat Yakubu suka yi fice a cikinta, suna ciyar da dubban mutane, kuma Abdalla Uba Adamu, wanda ya fara zama farfesa a ilimin koyar da kimiyya kafin ya sake zama farfesa a nazarin kafofin watsa labarai, yana cikin waɗanda suka tilasta wa jami'a ta ɗauke su a matsayin abin nazari.

Duk da haka, ƙorafin iyayen da suke tsoron ɗansu ya gama digirin tarihi ya zauna a gida ƙorafi ne mai tushe, kuma ba a amsa shi da wa'azi kan darajar ilimi. Amsar farko ita ce rashin aiki a Nijeriya ya shafi masu digirin injiniya da na sinadarai kamar yadda ya shafi masu digirin adabi, domin masaƙun Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa da suka durƙushe su ne ya kamata su ɗauki injiniyoyin, saboda haka sauya rabon gurabe ba ya ƙirƙiro masana'anta. Amsa ta biyu ita ce ma'aunin albashi yana auna ribar da mutum ɗaya ya samu, alhali yawancin amfanin waɗannan fannoni na jama'a ne baki ɗaya: ƙamus ko kundin takardun tarihi ba ya mayar wa wanda ya yi shi kuɗin wahalarsa, amma alƙali da ɗan jarida da malamin makaranta za su yi ta amfani da shi shekaru hamsin. Abin da yake da irin wannan siffa, kasuwa ba ta samar da shi da kanta, kuma wannan ne ainihin dalilin da ya sa ake da jami'o'in gwamnati.

Sai dai kare waɗannan fannoni ba zai yi ƙarfi ba idan aka rufe ido ga rauninsu na cikin gida. Tun a farkon shekarun 1970, lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, Wazirin Sakkwato Junaidu ya yi gargaɗi cewa jami'ar dasasshiya ce daga wata al'ada, kuma ba za ta amfani jama'arta ba sai ta san iliminsu ta kuma girmama malamansu, kuma har yau ba a gama amsa wannan gargaɗi ba. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar albashi ya kuma hana ɗakunan karatu sayen littattafai, manyan malamai da yawa sun bar ƙasar, kuma koyarwa a sassa da dama ta koma haddar taƙaitattun bayanai da ake maimaitawa a jarrabawa, wanda kishiyar horon tunani ne da fannonin suke alfahari da shi. Kundayen digiri suna taruwa a kan kanta ba tare da an buga su ba, batutuwa iri ɗaya suna ta maimaituwa da sauyin sunan gari ko na mawaƙi, tsarin ƙarin girma kuma yana ba da lada ga yawan maƙalu fiye da aikin shekaru goma na gyara littafi guda na magabata. Yajin aikin malamai, wanda ya ci kusan wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, ya ƙara yanke zaren binciken da yake bukatar natsuwa.

Mafi gaggawa a cikin abubuwan da wannan rauni yake barazana gare su shi ne rubuce-rubucen hannu. Dubban takardu na Larabci da ajami suna ajiye a gidajen malamai a Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya da Borno da Damagaram da Agadas, inda gara da ɗanshi da gobara da rabon gado suke cin su a hankali, kuma masu iya karanta tsohon rubutun Magaribi da ajamin Hausa da na Fulatanci tare da sanin hanyoyin bincike na zamani ba su da yawa. Abin da ya faru a Tumbutu a watan Janairun 2013, lokacin da 'yan bindiga suka ƙona wani ɓangare na takardun Cibiyar Ahmad Baba, ko da yake mutanen garin sun riga sun fitar da mafi yawan takardun birnin a ɓoye zuwa Bamako, ya nuna cewa abin da aka tara a ƙarnoni yana iya salwanta a dare guda. Gada ko asibitin da ba a gina bana ba ana iya gina shi baɗi, amma takarda tilo da ta lalace, ko dattijon da ya rasu da tarihin garinsa a kansa, babu kasafin kuɗin da zai dawo da su.

Gyaran da ake bukata yana da fuskoki da suke hannun hukumomin da ake da su a yanzu. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, wanda yake da rukuni na ilimomin ɗan'adam da zamantakewa a cikin tallafinsa na bincike, zai iya ɗaukar ma'ajiyoyin takardu da ƙamusoshi da taskokin muryoyi a matsayin kayan aiki na dindindin daidai da ɗakunan gwaji, ya ba su kuɗi na shekaru masu yawa maimakon tallafin shekara guda. Hukumar Kula da Jami'o'i za ta iya sa gyara rubutun hannu da fassara shi da wallafa littafi da harshen gida su sami maki mai nauyi wajen ƙarin girma. Darussan gama-gari da ake tilasta wa kowane ɗalibi, waɗanda a yanzu ake koyar da su ga ɗaruruwan mutane a zaure guda, ana iya mayar da su horo na gaske kan karatu da rubutu da auna hujja, sannan a wajabta wa ɗalibin likitanci da na noma sanin tarihi da harshen jama'ar da zai yi wa aiki, a kuma wajabta wa ɗalibin tarihi da na harshe sanin ƙididdiga da sarrafa bayanai a kwamfuta. Haka nan ya kamata a buɗe ƙofa ga malaman zaure da suka ƙware a karatun tsofaffin takardu su yi aiki da jami'a a matsayin abokan bincike masu albashi da suna a kan abin da aka wallafa.

Akwai kuma wani sakamako na sakaci da ba a cika ambata ba, shi ne binciken ba ya tsayawa don jami'o'in gida sun yi watsi da shi, sai dai ya koma wani wuri. Babban kundin da ya jera marubutan Larabci na wannan yanki na Afirka da ayyukansu, wanda John Hunwick ya jagoranta, an buga shi ne a Leiden ta ƙasar Holan a 1995, kuma mafi girman littafin nahawun Hausa, na Paul Newman, ya fito ne daga Jami'ar Yale ta Amurka a 2000. Waɗannan ayyuka ne nagartattu da suka cancanci yabo, kuma masanan gida sun ba da gudummawa a cikinsu, amma wanda ya biya kuɗin bincike shi ne yake zaɓen tambayar da za a yi, da harshen da za a rubuta amsar, da farashin da za a sayar da littafin. Al'ummar da ta bar wa wasu nazarin tarihinta da harshenta da addininta za ta ci gaba da samun bayani game da kanta, amma bayanin zai amsa tambayoyin da suka dami wasu, kuma a kansa ne za a gina shawarwarin da masu ba da lamuni da ƙungiyoyin agaji za su kawo wa gwamnatocinta kan makaranta da asibiti da gona.